Yadda ake gyara amfilifayoyin tsohuwar na'urar rubidiyam ta HP 5065A

Daga cikin tsofaffin kayan awo da masu sha'awar lantarki ke nema ruwa a jallo har gobe akwai na'urar HP 5065A, wadda kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya fara fitarwa a ƙarshen shekarun 1960. Babban aikinta shi ne ta fitar da sigina mai bugawa sau miliyan 5 a kowace daƙiƙa, ta kuma tsaya a kan wannan adadi ba tare da ta karkata ba, domin sauran kayan awo su riƙa daidaita kansu da ita. Wannan yawan bugu a daƙiƙa shi ake kira firikwansi. Na'urar da ke cikin ƙoshin lafiya ba ta kauce wa adadinta da abin da ya wuce kashi kaɗan cikin tiriliyan tsakanin wannan daƙiƙa da mai bi mata, kuma wannan natsuwa ce ta sa har yanzu ake ba ta daraja duk da tsufanta. Mafi yawan waɗanda ke yawo a hannun mutane a yau sun haura shekara 35, wasu ma sun kai 50, saboda haka da wuya a sami wadda ba ta bukatar hannun mai gyara.

Abin da nake son mai gyara ya riƙe tun daga farko shi ne, gyara daban, ƙarin inganci daban, kuma na biyun ba ya halatta sai na farkon ya kammala an auna an gani. Kuskuren da ya fi yi wa waɗannan na'urori illa shi ne mutum ya buɗe su ya ga tsofaffin kaya, sai ya kama cire su yana cusa sababbi don kawai sababbi ne, alhali bai auna komai ba kafin ya fara, bai kuma da abin da zai gwada sakamakon da shi bayan ya gama.

Sanin hanyar da sigina ke bi

Ba a gyara amfilifayar (da'irar da ke ƙara wa sigina ƙarfi) da ba a san abin da take ɗauke da shi ba, don haka sai a fara da fahimtar tsarin. A cikin na'urar akwai osileta ta kiristal, wato sashen da ke haifar da siginar, mai 5 MHz (megahaz 5, bugu miliyan 5 a daƙiƙa), wadda ke zaune cikin tanda mai tsayayyen zafi. Ana ninka wannan sigina sau 12 ta zama 60 MHz, sannan a sake ninka ta sau 114 ta kai 6,840 MHz, a cire mata kimanin 5.315 MHz da wani sashe ke haɗawa, sai a sauka daidai kusa da 6,834.68 MHz, wanda shi ne firikwansin da ƙwayar zarrar rubidiyam 87 ke amsawa. Wata fitila ta rubidiyam tana haska wata ƙaramar kwalba mai tururin rubidiyam, a bayan kwalbar kuma akwai idon haske da ke mayar da hasken da ya ratso zuwa kwararar wuta. Idan siginar da aka aika cikin kwalbar ta dace da firikwansin zarrar, tururin yakan shanye haske fiye da da, sai kwararar da ke fitowa daga idon ta ɗan ragu. Raguwar ƙanƙanuwa ce ƙwarai idan an kwatanta da jimillar hasken, kuma duk aikin amfilifayoyin ciki shi ne tsamo wannan 'yar raguwa daga cikin hayaniya.

Dabarar da aka bi ita ce a riƙa kaɗa siginar gaba da baya sau 137 a daƙiƙa. Idan osileta ta kauce hagu ko dama, sai sigina mai 137 Hz (haz, wato bugu a daƙiƙa) ta bayyana a idon haske, takunta kuma, wato ko tana tafiya tare da kaɗawar ko akasinta, shi ke nuna ɓangaren da aka kauce. Idan kuwa tana tsakiya daidai, sai mai 137 ta ɓace, ninkinta mai 274 Hz ta yi ƙarfi. Lambar 137 ba ta faɗa kan ninkin wutar gari ba, ko mai 50 Hz ko mai 60 Hz, kuma wannan yana taimakawa wajen hana gurnanin wutar gari shiga cikin awon. Allon A7 ne ke ƙara wa waɗannan sigina biyu ƙarfi ya raba su, A8 ya gwada takun mai 137 ya fitar da ƙarfin wuta mai nuna kuskure, A9 ya tara kuskuren ya mayar da shi ga osileta domin ta gyara zamanta, shi kuma A13 yana tsaye tsakanin osileta da duniyar waje yana rarraba 5 MHz. Waɗannan su ne amfilifayoyin da za mu yi magana a kansu, kuma kowace irin lalurarta daban.

Kafin a taɓa sukurudireba, a nemi littafin gyara na kamfanin wanda ya dace da lambar na'urar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin an sauya tsarin alluna da dama a tsawon shekarun da aka yi ana ƙera ta, har osiletar ciki ma an sauya ta daga tsohuwar zuwa samfurin 10811 a na baya-baya. A lambar da ke manne a bayan na'urar, idan an tara 1960 da lambobi biyu na farko za a sami shekarar da aka yi wa tsarin sauyin ƙarshe, biyun da ke biye kuma su ne mako, ta yadda lambar da ta fara da 1908A ke nufin mako na 8 na shekarar 1979. Wanda ya ɗauki taswirar wani zubi ya yi aiki da ita a kan wani zai ɓata kwanaki yana neman resistar da babu ita a allonsa.

Kafin a ba ta wuta

Da yawa daga cikin waɗannan na'urori daga Amurka ake sayo su, inda wutar gida take bolt 120, saboda haka abu na farko shi ne a duba makunnin zaɓin wuta da ke baya a tabbata yana kan 230, a kuma sa fis ɗin da littafi ya tsara wa wannan zaɓi. Bayan haka sai a ciro allon A11, wanda ke kula da zafin tandar fitila da ta kwalba, a bincike shi da kyau tun kafin a kunna komai. Dalili kuwa shi ne, idan kafasitocin wannan allo suka mutu, yana iya sakar wa wayar ɗumama wuta ba ƙaƙƙautawa har ta ƙone ta babbake abin da ke kewaye da ita, kuma wannan ɓarna ce da ta fi kowace lalacewar amfilifaya wuyar gyarawa, tunda ba a ƙera waɗannan sassa yanzu. A auna juriyar wayoyin ɗumama da mita a gwada da abin da ke cikin littafi, a kuma tabbata ba su haɗe da jikin ƙarfen ba. Duk kafasitar ruwa da ke kan A11 da allon wuta na A15, a ganina, a sauya ta ba tare da jayayya ba. Wannan ne wuri guda da na yarda a yi sauyi tun kafin awo.

Cikin tsofaffin kayan HP akwai kafasitocin tantalam masu ruwa a ciki, ruwan kuma asid ne, wanda idan ya yi yoyo yakan cinye ƙafar kafasitar da layin tagullar da ke ƙarƙashinta. Alamarsa ita ce kore-kore ko fari-fari kamar gishiri a gindin ƙafa. Idan an ga haka, sai a cire kafasitar, a wanke wurin da ruwa mai tsabta da ɗan buroshi, a bi da sinadarin aisofurofil, a bar allon ya bushe sarai, sannan a bi kowane layi da mita domin layin da asid ya ci yakan yi kamar lafiya lau a ido alhali ya yanke.

Idan an kunna, sai a auna layin wuta mai bolt +20 da na −20 da mita mai kyau, sannan a duba su da osiloskof a ga ko akwai kaɗawar wutar gari a kansu. Amfilifaya ba ta fi wutar da ake ciyar da ita tsabta ba, kuma sau da yawa abin da ake ɗora wa A7 laifinsa daga A15 ya taso. A bar na'urar ta yi awanni tana ɗumi, sannan a juya makunnin mitar da ke gabanta a kan kowane matsayi a rubuta abin da ta nuna a littafin ajiya, tare da kwanan wata da zafin ɗakin. Wannan rubutu shi ne ma'aunin da duk aikin da zai biyo baya zai dogara a kansa.

Akwai wata lalura da ke kama da mutuwar amfilifaya alhali ba ita ba ce, kuma ya kamata a kawar da ita tukuna. Idan na'ura ta daɗe a ajiye ba wuta, rubidiyam ɗin da ke cikin kwalba yakan bar maɓoyarsa ya bazu a jikin gilashi, ya tare haske, sai a ga matsayin 2ND HARMONIC ya faɗi ƙasa ƙwarai. Rubidiyam yana narkewa a kimanin digiri 39 na ma'aunin Salsiyas, zafin da ɗakin ajiya mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri ke wucewa cikin sauƙi a watan Afrilu, don haka wanda ke wannan yanki ya sa ran haɗuwa da matsalar. Kamfanin ya tanadi magani, domin akwai wata 'yar na'urar sanyaya a jikin kwalbar wadda ake ba wa wuta kimanin amfiya 1 yadda littafi ya bayyana, sai ta jawo rubidiyam ɗin ya koma mazauninsa a hankali. Aikin yana iya cin kwanaki ko makonni, kuma babu hanyar gaggauta shi. Wanda bai san wannan ba zai ga sigina ta yi rauni ya murɗa ninkin A7 har ƙarshe, ya ƙara hayaniya kawai.

Allon A7, inda aka fi yin kuskure

Idan fitila tana ci, matsayin PHOTO I yana nuna abin da ya dace, kwalba kuma ta warware, amma sigina mai 274 Hz ba ta nan ko tana rawa, to yanzu ne ake da hujjar zargin A7. A mayar da makunnin aiki kan LOOP OPEN domin a buɗe madaukin, wato a yanke hanyar da kuskure ke komawa ga osileta, a riƙa juya abin daidaita osileta a hankali ana kallon mafitar A7 da osiloskof. Abin da ya kamata a gani shi ne mai 137 ta taso, ta ragu har ta ɓace a tsakiya inda mai 274 ke bayyana, sannan ta sake tasowa da juyayyen taku a ɗaya ɓangaren. Idan ba a ga haka ba, sai a bi matakan amfilifayar ɗaya bayan ɗaya daga mashiga zuwa mafita, ana auna ƙarfin wutar da ke kan ƙafafun kowace taransista ana gwadawa da taswira. Taransistar silikon da ke aiki tana da kimanin bolt 0.6 zuwa 0.7 tsakanin bes da emita, kuma duk wadda ta kauce daga haka sosai, ko ita ce ta mutu ko wani abu a kewayenta ya janye ta.

Abubuwan da suka fi lalacewa a nan sanannu ne. Kafasitocin da ke haɗa mataki da mataki sukan bushe su rage ninki, ko su yi yoyo su tura wa mataki na gaba wutar da ba tasa ba. Tsofaffin resistocin gawayi sukan sha laima darajarsu ta hau, kuma suna da wata hayaniya ta kansu da ke ƙaruwa idan wuta na ratsa su, don haka mayar da su na fatar ƙarfe masu kuskuren kashi 1 cikin ɗari gyara ne mai ma'ana, musamman a matakin farko. Tsohuwar taransista kuma takan kamu da wata irin hayaniya mai tsalle-tsalle, wadda a osiloskof ake ganin layi yana hawa yana sauka farat ɗaya kamar ana taɓa makunni. Hanyar kama ta ita ce a ɗan sanyaya taransistocin ɗaya bayan ɗaya da feshin sanyi, ko a kusanto da bakin ƙarfen dalma kusa da su ba tare da an taɓa ba, a ga wadda tsallen ke amsa wa.

Sai dai a yi hattara da matatan da ke raba 137 da 274. Darajar resistoci da kafasitocin da ke cikinsu ita ke tsayar da firikwansin da suke tacewa, kuma an zaɓe su ne da ƙaramin kuskure. Idan aka sa wata kafasita wadda darajarta ta kauce da kashi 5 ko 10 cikin ɗari, matatar za ta goce, takun sigina ya karkata, mai 274 ta kutsa inda ba a son ta. Kada a taɓa su sai awo ya nuna sun lalace, idan kuma dole ne, a sa na folifurofilin ko na yumɓu samfurin C0G, a auna darajar kowace kafin a liƙa. Na yumɓu samfurin X7R ba su dace da nan ba ko kaɗan, domin darajarsu tana sauyawa da zafi da ƙarfin wuta, kuma sukan haifar da sigina idan an ƙwanƙwasa su, kamar makirufo. Duk lokacin da aka sauya wani abu a hanyar mai 137, wajibi ne a sake daidaita taku da ninki bisa matakan da ke cikin littafi.

Yanzu ga maganar da ta fi jan hankalin masu son ƙarin inganci, wato sauya matakin farko da ai-si (IC, dunƙulalliyar da'ira a ƙwaya guda) na zamani mai ƙarancin hayaniya. Kafin a kashe kuɗi, a yi ɗan lissafi. Hasken da ke faɗa wa idon haske yana da hayaniyarsa ta asali, wadda ke fitowa daga kasancewar wuta ƙwaya-ƙwaya take kwarara, kuma babu amfilifayar da za ta cire ta. Idan kwararar idon ta kai maikuro'amfiya 50, wannan hayaniya tana kusan fiko'amfiya 4 a kowane tushen haz. Resista mai megohm 1 a zafin ɗaki tana ƙara kimanin 0.13 ne kawai a wannan ma'auni, amfilifaya mai lafiya kuma ba ta kai 4 ɗin ba. Tunda hayaniyoyi masu zaman kansu ba a tara su kai tsaye, sai an ninka kowace da kanta a tara sannan a ɗauki tushe, ƙaramar takan nutse cikin babbar har ba a ganin ta. Ma'ana, idan A7 tana da lafiya, sabon ai-si ba zai sauya komai da za a iya aunawa ba. Wannan ne ya sa gyaran da ya fi yin tasiri a hannun masu wannan sana'a bai shafi amfilifaya ba sam, domin matatar haske ce mai barin tsawon zango na nanomita 780 kaɗai ya wuce, wadda ake sakawa a hanyar hasken don ta tare hasken da ba ya ɗauke da sigina amma yana kawo hayaniya. Aiki ne da ke bukatar buɗe sashen A12, inda fitila da kwalba suke, kuma ba na ba wa wanda bai saba ba shawarar ya fara da shi.

Idan kuwa matakin farko ya mutu ne kuma ba a sami irin kayansa ba, to sauyi ya zama dole, sai a zaɓa da hankali. Ai-si irin LT1028 yana da ƙarancin hayaniyar bolt, kusan nanobolt 1, amma hayaniyar kwararar sa tana da yawa, don haka ya fi dacewa da tushe mai ƙaramar juriya. Irin OPA140 mai mashigar FET (wani nau'in taransista) yana da kimanin nanobolt 5, kwararar mashigarsa kuma kusan babu. Wanne ya fi dacewa ya danganta da juriyar da ke kewaye da shi a zubin allon da ke hannu, ba da wanda ya fi suna ba. Sannan a duba iyakar wutar da kowane ke ɗauka. Layin +20 da −20 idan an haɗa bolt 40 ke nan, alhali ai-si da yawa na zamani, har da OPA140, an tsara su su yi aiki ne a ƙasa da 36. A auna wutar da ke isa ƙafafun tsohon a zahiri, idan ta yi yawa a rage ta kafin a sa sabon. A kuma liƙa kafasita mai nanofarad 100 daga kowace ƙafar wuta zuwa layin ƙasa, kusa da jikin ai-si ɗin, domin sababbin sun fi tsofaffin sauri nesa ba kusa ba, kuma sukan kama kaɗawa da kansu a allon da ba don su aka zana shi ba.

Allon A9 da matsalar yoyo

A nan ba hayaniya mai sauri ce abin tsoro ba, zamewa a hankali ce. A9 yana tara ƙarfin wutar kuskure a cikin kafasita, kuma madaukin yana tsayawa ne a inda abin da ke shiga ya zama sifiri. Idan amfilifayar tana da karkata ta kanta, ko tana jan kwarara ta mashigarta, ko allon yana yoyo, madaukin zai ɗauki wannan a matsayin kuskuren gaske, ya ture osileta daga tsakiyar layin rubidiyam don ya rama. Idan karkatar tana sauyawa da zafin ɗaki, firikwansin ma zai riƙa bin zafin ɗaki. Misali, tsohon ai-si irin 741 yana jan kimanin nano'amfiya 80, wanda idan ya ratsa resista mai megohm 1 zai haifar da milibolt 80 na ƙarya, alhali mai mashigar FET yana jan abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na wannan ba. Saboda haka wannan allo ne wurin da sabon ai-si mai ƙaramar karkata da kafasitar tarawa ta folifurofilin ko Teflon ke iya kawo amfanin da za a gani a awo.

Tsabta a nan rabin gyara ce. Ƙurar hunturu idan ta kwanta a allo, damina ta zo ta ba ta laima, sai ta zama hanyar da wuta ke bi a ɓoye. Ragowar man dalma da zufar yatsa ma haka suke. A wanke kewayen mashigar da aisofurofil bayan kowane liƙi, a bar shi ya bushe, kada kuma a sake kama wurin da hannu. A lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har tufafi ke tartsatsi, a ɗaura abin sauke wutar jiki a wuyan hannu kafin a taɓa duk wani abu mai FET. Dalmar da ta dace da waɗannan alluna ita ce ta gargajiya mai kashi 63 na kuza da 37 na darma, wadda ke narkewa a digiri 183, domin marar darma tana bukatar zafin da ke iya ɗaga tsohon layin tagulla. Bakin allo mai ruwan zinariya kuma a goge shi da tsumma da aisofurofil kawai, ba da abin kankarewa ko takardar yashi ba.

Amfilifayoyin 5 MHz

Mafitar 5 MHz ya kamata ta ba da aƙalla bolt 1 a kan lodi mai ohm 50, wanda a osiloskof yake kusan bolt 2.8 daga ƙoli zuwa ƙasa, da siffa mai santsi ba tare da an aske mata kai ba. A auna ta da lodin a haɗe, domin awon da aka yi ba lodi yaudara ne. Bayan ƙarfi, abu na biyu da ake nema a A13 shi ne katanga, wato kada abin da ke faruwa a waje ya koma ya taɓa osileta. Gwajinsa mai sauƙi ne: a buɗe madauki, a riƙa kallon takun siginar ana gwada shi da wata na'ura, sannan a cire lodi a mayar, a ga ko firikwansin ya motsa.

Idan taransista ta mutu a nan, a nemi mai kama da ita a sauri da ƙarfi, ba wadda ta fi ta sauri sau goma ba. Mai saurin gaske takan kama kaɗawa a ɗaruruwan megahaz inda ƙaramin osiloskof ba ya gani, sai dai a lura tana zafi ba dalili ko ƙarfin mafita yana sauyawa idan an kusanto da yatsa. Maganinsa resista mai ohm 10 zuwa 47 ko ƙwayar ferait a ƙafar bes. Wani abu kuma da ya kamata a kiyaye shi ne resistar emita wadda ba a kewaye ta da kafasita ba. Masu bincike a hukumar ma'aunai ta Amurka da ke Boulder sun nuna tun 1968 cewa irin wannan resista tana rage hayaniyar taku ta kusa da sigina ƙwarai da gaske, don haka wanda ya ɗora mata kafasita don ya sami ƙarin ninki ya sayar da natsuwar siginar ne da araha. Kafasitocin maika da ke cikin da'irorin da aka daidaita a kan 5 MHz su ma a bar su, sai in an tabbatar sun lalace, bayan kowane sauyi kuma a sake murɗa da'irar zuwa ƙolinta da abin murɗi na roba, domin da'irar da ke zaune a gefen ƙoli takan mayar da sauyin zafi ya zama sauyin taku.

Yadda ake tabbatar da cewa an ci riba

Koren fitilar CONTINUOUS OPERATION tana nuna madauki ya kulle ne kawai, ba ta faɗin ingancin kullen. Don a san wannan sai an gwada da wani ma'auni na waje, kuma mafi sauƙin samu shi ne osileta mai bin GPS tare da na'urar ƙidayar tazarar lokaci. Lissafin ba shi da wuya: idan tazarar da ke tsakanin sigina biyu ta zame da nanodaƙiƙa 1 cikin daƙiƙa 1,000, bambancin firikwansinsu kashi 1 ne cikin tiriliyan, idan kuma ta zame da maikurodaƙiƙa 1 a kwana guda, kusan kashi 12 ke nan cikin tiriliyan. Ana tara waɗannan awo a kwamfuta a zuba su cikin manhaja irin TimeLab ko Stable32, su fitar da ma'aunin natsuwa da David Allan ya gabatar a 1966, wanda ke nuna yadda na'urar ke rawa a daƙiƙa 1, da 10, da 100, har zuwa kwanaki. A sani cewa a gajeren lokaci 5065A mai lafiya ta fi siginar GPS natsuwa, don haka GPS zai nuna tasirin gyaran A9 da ke bayyana cikin awanni da kwanaki, amma tasirin gyaran A7 a daƙiƙa 1 zuwa 100 sai an sami wata rubidiyam ko kiristal mai kyan gaske a gwada da ita.

A sauya abu ɗaya a lokaci guda, a mayar da murfi a ɗaure, a bar na'urar ta yi aƙalla kwana biyu ko uku tana aiki kafin a ɗauki awon da za a yarda da shi, domin rubidiyam da kiristal duka sukan ɗauki lokaci kafin su natsu bayan an kashe su. Inda wutar gari ke yawan ɗaukewa, wannan ba zai yiwu ba sai an ciyar da ita ta mashigar batir da ke bayanta, da ƙarfin wutar da littafi ya ƙayyade, ta yadda ɗaukewar wuta da tashin janareta ba za su katse awon ba. A ajiye ma'aunin zafi kusa da ita ana rubutawa tare da awon, a nisanta ta da taransifoma da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu, tunda firikwansin rubidiyam yana amsa wa maganaɗisu, kuma da wannan hali ne ma ake yi masa daidaitawar ƙarshe ta maɓallin da ke gaba. Duk kayan da aka cire a zuba su a 'yar leda a rubuta lambar gurbinsu da ranar cirewa, a liƙa takardar abin da aka sauya a cikin murfin na'urar, domin idan awon mako mai zuwa ya nuna sabon ai-si ya fi tsohon rawa, a san ainihin abin da za a mayar da inda za a mayar da shi.